Tsirkiya Mai Cizo

Kurmin Sarki, Suleja
Farkon watan Mayu

Zuwa ga Kawu Bamalli,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa daga ni da Umma. Ina fata kana lafiya, kuma ciwon bayan nan da ka ce yana damunka ya yi sauƙi. Mu nan lafiya lau muke, sai ƙafar Umma da ke ɗan kumbura in ta wuni a shago. Ruwa ya sauka, gari ya yi sanyi.

Na bi maganarka, na rubuta a takarda na ɗauki hotonta, tunda ka ce a jirginku na kamun kifi ba kwa samun sabis sai kun matso gaɓa, kuma ka fi son ka tarar da doguwar magana ka zauna ka karanta.

Kawu, a kan jitar lantarkin nan da ka saya mini ne na rubuto. Duk Asabar ina zuwa unguwar Magajiya wurin Malam Oladipo, mai koyar da kiɗa, kuma ya ce hannuna ya fara faɗawa. Na kuma samo wata 'yar amfilifaya ta hannu, tokumbo, a kasuwa, akwatin da ke fitar da sautin ke nan, don in riƙa gwaji a gida. Damuwata ita ce ƙugi. Da na jona ta sai ka ji kamar an zuba kudan zuma a gwangwani, sautin kuma siriri, ba daɗi. Malam ya ce haka fikof ɗin jita mai araha yake, gara a canja.

Da na gaya wa Umma ina son sabon fikof, ajiye ludayi ta yi ta dube ni. "Mota kuma? Ke da ko keke ba ki iya ba?" Sai da na ɗauko jitar na nuna mata 'yan ƙarafan da ke ƙarƙashin tsirkiyoyi. Ta ja tsaki ta ce, "Ni dai wannan abin bai taɓa kwanta mini ba. Kawunki ne ya ɗaure miki gindi."

To ga ni wurin mai ɗaure gindin. Kai da ka yi kiɗa a Kaduna da ƙuruciya, kuma aikinka wutar lantarki ne, wane iri zan nema wanda ba zai fi ƙarfina ba?

'Yarka,
Jannatu

*

Apapa, Legas
Tsakiyar Mayu

Jannatu 'yata,

Wa alaikumus salam. Na ga wasiƙarki, na yi dariya har abokan aikina suka leƙo. Bayan ya yi sauƙi, alhamdu lillahi. Ki ce wa Yaya Hajjo ta riƙa ɗora ƙafar a kan kujera, ta daina tsayuwar nan tana ciniki kamar soja.

Kin yi sa'a, jirginmu yana bakin ruwa ana gyara, don haka na sami shiga kasuwa.

Fikof ba wani abin mamaki ba ne. Maganaɗisu ne aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe. In tsirkiya ta girgiza a samansa, sai ya ɗauki girgizar ya tura wa amfilifaya. Naki masu naɗi ɗaya ne, kuma irinsu ba kiɗa kaɗai suke ɗauka ba, har hayaniyar fanka da ƙwan fitila suke kwasowa. Shi ne ƙugin da kike ji. Mai naɗi biyu kuwa, ɗaya naɗin yana kashe ƙugin ɗayan, sautin kuma ya fi kauri.

Kada ki ce sai kin canja duka ukun. 'Yan koyo da yawa nan suke ɓata abin hannunsu. Na ƙasan nan, na kusa da inda tsirkiyoyi suka ɗaure, shi ya fi tsiwa, shi za a fara cirewa. Na samo miki mai naɗi biyu na tokumbo, siriri, wanda zai shiga ramin tsohon ba sai an sassaƙe katako ba. Na gwada shi da mita, lafiyarsa ƙalau. Na haɗa da sababbin tsirkiyoyi da tef na jan ƙarfe da za a shimfiɗa a cikin ramin. Na ba wani direba, Salisu, zai kira ki in ya iso Diko. Ki je da rana, kada ki je ke kaɗai.

Ki kai wa Malam Oladipo ya liƙe wayoyin da dalma, kada ki gwada da kanki. Ku ɗauki hoton yadda suke kafin a cire komai. In an gama, ki riƙa juya 'yan kusoshin gefe, kina ɗaga shi kina sauke shi, har kunnenki ya ce miki ya yi.

Mun kusa komawa teku. In kin ji shiru, ba mantawa na yi ba.

Kawunki,
Bamalli

*

Kurmin Sarki
Ƙarshen Yuni

Kawu,

Barka da aiki, ya ruwa? Ina fata kana cikin ƙoshin lafiya. Umma tana gaishe ka, ta ce ba sojan da ya kai ka, kai da ka bar ƙasa ka koma zaman kifi. Mun gama jarrabawa lafiya.

Saƙo ya iso. Ni da ƙawata Chiamaka muka je Diko muka karɓo. Malam ya ɗaura shi ina tsaye ina kallo, da ya kaɗa sai ya ɗaga gira ya ce, "Ah ah, kawun naki ya san kaya!" Kawu, kamar ba jitata ba. Ƙugin ya tafi, sai ɗan kaɗan. Har Umma na kama tana kaɗa kai a bakin ƙofa, da ta ga na gan ta sai ta ce sauro take kora.

Ga babban labari. An zaɓe mu mu yi waƙa ranar bikin yaye ɗalibai, Asabar ta biyun watan gobe. Chiamaka za ta rera, ni in kaɗa, in kuma riƙa yi mata amshi a makirfo. Ban gaya wa Umma ba tukuna, ina jiran ranar da ciniki ya yi kyau.

Abu ɗaya ne sabon fikof bai gyara ba. A gida tsirkiyoyin suna ɗan cizo na. Ba zafi sosai ba, kamar cinnaka. Ya fi yawa in na goge ɗaki ƙasa ba ta bushe ba, ina tsaye ba takalmi. Rannan kuma ina riƙe da jitar gwiwar hannuna ta taɓa ƙarfen taga, sai na ji zirr har kafaɗa, na kusa yar da ita. Na yi ta yi wa kaina dariya. A wurin Malam da amfilifayarsa ba ta yi mini haka, shi ya sa ban gaya masa ba, kada ya ce raki gare ni. Ko yatsuna ne ba su gama yin kanta ba?

Af, na manta. Fulogin amfilifayar ya ƙi shiga soket ɗinmu tun farko, sai mai sayarwar ya karya doguwar ƙafar nan ta sama, ya ce ba ta da wani aiki. Yanzu yana shiga lafiya lau.

Ka yi mana addu'a.

Jannatu

*

Cikin teku
Farkon Yuli

Jannatu,

Ina fata wannan takarda ta same ki da rai da lafiya. Da gaske nake faɗin haka, ba gaisuwa ba ce kawai.

Wasiƙarki ta shigo wayata daidai lokacin da muke barin gaɓa. Kafin in kai ƙarshenta sabis ya ɗauke. Na karanta maganar cizon nan, na sake karantawa.

Ki saurare ni da kyau. Ba yatsunki ba ne, ba kuma fikof ba ne. Amfilifayar nan tana yoyon wuta. Doguwar ƙafar da aka karya ita ce ke kwashe wutar da ta ɓalle ta kai ta ƙasa. Tunda babu ita, wutar tana bin wayar jita, ta hau tsirkiyoyi, ta jira wanda zai taɓa. Ke ce hanyarta ta zuwa ƙasa yanzu. Abin da ke cizo yau, gobe yana iya riƙe mutum ya ƙi saki.

Na taɓa gani da idona. A Kaduna, wani mawaƙi da muke kiɗa tare, hannunsa na kan tsirkiya, ya kai baki makirfo. Ko ƙara bai yi ba. Da la'asar muka binne shi. Kuma ke kin ce amshi za ki yi a makirfo.

Na roƙi kyaftin ya ba ni wayarsa ta tauraron ɗan'adam, wadda ba a taɓawa sai da lalura. Na kira lambarki, a kashe. Na kira Yaya, ta ɗauka cikin hayaniyar kasuwa, ba ta ji na sosai. Na ce, "Yaya, ki hana Jannatu taɓa jitar nan, akwai haɗari." Ta ce, "Me ka ce?" Na maimaita da ƙarfi. Kafin in yi bayani layin ya katse. Mun yi ta gwadawa, ya ƙi shiga, ga hadari ya taso, kyaftin ya karɓi abarsa.

Na tura wannan, tana nan a waya tana jiran sabis. Ina duba ta kamar mahaukaci. Abinci ba ya shiga. Abin da ke ɗan kwantar mini da hankali shi ne na san Yaya, in ta ce a'a, to a'a ce.

Ki cire fulogin nan daga bango. Kada ki jona, kada ki ba kowa aro.

Kawunki

*

Kurmin Sarki
Alhamis, kafin biki

Kawu,

Ina gaisuwa. Muna lafiya.

Ban san me na yi maka ba. Umma ta dawo daga kasuwa ko mayafi ba ta cire ba, ta shiga ɗakina ta ɗauki jitar, ta kulle a cikin sif ɗinta, ta ɗaure makullin a bakin zani. Na ce, "Umma, me ya faru?" Ta ce, "Ko kawun naki da ya saya ya dawo hanya. Daga tsakiyar teku ya kira ni, ya ce akwai haɗari. Ba tun yau nake faɗa ba, 'ya mace da jita, yau biki gobe otal."

Na ce ba haka kake nufi ba. Ta ce da kunnenta ta ji, har sau biyu. Na kira ka ya fi a ƙirga, ba ya shiga. Na jira wasiƙa, shiru.

Da wani ne ya faɗa, da ban damu ba. Amma kai? Kai da ka ce mini kada in ji kunyar abin da nake so? In wani ya kai maka gulmata, ai sai ka tambaye ni. Ko labarin bikin ne ya ɓata maka rai, don za a gan ni a gaban mutane? Na yi kuka har Chiamaka ta gaji da lallashi.

Gara ka ji daga bakina. Zan yi kiɗan nan jibi. Na yi wa Chiamaka alkawari, an riga an sa sunanmu. Na ce wa Malam tawa ta sami matsala, ya ce zai ara mini tasa. Amfilifayarsa za a jona wa piyano, don haka tawa zan ɗauka. Ita Umma ba ta kula ta ba, tana nan ƙarƙashin tebur, na riga na sa ta a buhu. A filin makaranta za a yi, an kafa rumfuna, an ɗauko janareta. Allah dai ya sa kada ruwa ya ɓata mana.

In na gama, in ka ga dama ka ce a ƙona jitar.

Jannatu

*

Kusa da gaɓa
Talata

Yaya Hajjo,

Ina gaishe ki. Don Allah, don darajar iyayenmu, duk halin da ake ciki ki amsa mini.

Yanzu sabis ya shigo, wasiƙar Jannatu ta ranar Alhamis ta faɗo. Ta ce za ta ɗauki amfilifayar zuwa biki. Yaya, ba jitar ba ce, akwatin nan ne mai kisa. Bakina ne ya ce jita, don ita ta fara zuwa mini, layin kuma bai bar ni na ƙarasa ba. Kin kulle abin da ba ya komai, mai haɗarin yana ƙarƙashin tebur.

Asabar ta wuce. Na kira wayarta, a kashe. Na kira taki, a kashe. Ba ki taɓa kashe waya da rana ba. Na kira maƙwabcinku, tana ta ƙara ba a ɗauka. Ba ni da lambar Malamin nan.

Jirgi zai sake juyawa ciki, ban san yaushe zan kuma samun sabis ba. Ki yi haƙuri da rubutun. Ko kalma ɗaya ce ki turo. Ko mene ne, ki faɗa mini, kada ki ɓoye don ina kan ruwa.

Ƙaninki,
Bamalli

*

Suleja
Tsakiyar Yuli

Bamalli,

Kafin gaisuwa: tana raye. Ka zauna, ka sha ruwa, sannan ka karanta sauran.

Ina fata kana lafiya. Ni dai ga ni nan, jiki ba ƙarfi, amma mun gode wa Allah. Wayata ta faɗi a turmutsitsin wurin bikin, tata kuma tana cikin jakar da aka bari a makaranta. Sai da muka dawo gida aka kawo, saƙonninka suka shigo a tare.

Na je bikin ne a matsayin uwa, ban san komai ba. An yi ruwa da safe, filin duk ya jiƙe, har kafet ɗin da aka shimfiɗa a gaba ya sha ruwa. Ina zaune cikin iyaye sai na ji an kira sunanta. Ta fito da jita a wuya. Raina ya ɓaci, na ce a zuciyata yau za mu haɗu a gida. Takalmin da ta sa mai tsini ne, yana nutsewa, sai ta tuɓe shi ta ajiye gefe.

Ta fara kaɗawa. Ba zan yi maka ƙarya ba, ya yi daɗi. Matar da ke kusa da ni ta ce, "'Yar waye wannan?" Chiamaka ta rera baiti, aka zo amshi, Jannatu ta matsa ta kai baki makirfo.

Sai wata ƙara ta tashi, ɓuuu. Ta sandare a tsaye, kanta ya karkace. Bamalli, mutane tafi suka fara yi, sun zaci salo ne. Ni na haife ta, na san ba salo ba ne. Na tashi ina ture kujeru. Chiamaka ta miƙa hannu za ta kama ta, uwarta, wadda nas ce, ta daka mata tsawa daga cikin mutane, "Kar ki taɓa ta! A kashe wuta!" Wani Markus, mai kula da janareta, shi Allah ya ba sa'a yana kusa da injin. Ya kashe. Ta zube kamar an yanke igiya.

Da na isa ba ta numfashi. Uwar Chiamaka ta durƙusa cikin taɓo da kayan bikinta tana danna mata ƙirji, tana hura mata iska. Ni ina riƙe da ƙafarta, sanyi ƙalau, ina kiran sunan Allah. Ban san tsawon lokacin ba. Can sai ta yi tari.

Mun kwana biyu a asibiti ana duba zuciyarta. Leɓenta ya ƙone, yatsu biyu na hannun hagu kuma ba ta jin su sosai. Likita ya ce mai yiwuwa su dawo, a ba su lokaci. Malam Oladipo kullum yana zuwa. Da ya ga fulogin, kama kai ya yi ya ce, "Me ya sa ba ki gaya mini ba, Jannatu?" Ya kwance akwatin ya cire wayarsa gaba ɗaya.

Na karanta doguwar wasiƙarka. Ka ce haɗari, ni kuma na ji abin da na daɗe ina son in ji. Ban tambayi Jannatu komai ba, ita ma ba ta gaya mini komai ba. Kada ka ɗora wa kanka kai kaɗai.

Yayarka,
Hajjo

*

Kurmin Sarki
Watan Agusta

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kuma ka fara cin abinci, don Umma ta ce da kuka yi waya muryarka kamar ta marar lafiya. Ni jiki da sauƙi. Leɓen ya warke, sai ɗan tabo. Ƙaramin yatsa ya fara jin zafi in na matsa shi, likita ya ce alama ce mai kyau. Yatsan da ke kusa da shi kuwa har yanzu kamar na wani.

Ka yafe mini wasiƙar nan ta ranar Alhamis. Na karanta taka, wadda ka rubuta kana duba waya, na kasa ƙarasawa a zama ɗaya.

Ba na tuna faɗuwar. Abin da nake tunawa shi ne ina son in buɗe hannuna, ina ba shi umarni, ya ƙi. Ina ganin mutane suna tafi. Shi ke dawo mini in na rufe ido.

Kawu, tsoro nake ji. Ba na iya taɓa firji sai na naɗe hannu da zani. Dutsen guga Umma ke jona mini. Rannan aka kawo wuta fanka ta tashi, sai ga ni a tsakar gida ban san na fito ba.

Umma ta fito da jitar da kanta, ta jingine ta a ɗakina. Ta yi kwanaki a wurin ina zagaye ta. Jiya na ɗauka, ba waya, ba komai a jikinta. Duk da haka sai da na sa takalmin roba. Na kaɗa a hankali da yatsun da ke aiki, sautin ɗan ƙarami, ni kaɗai nake ji. Ban ajiye ba sai da na kai ƙarshen waƙar.

Malam ya ce in zo in gwada a tasa amfilifayar, ya auna ta a gabana, lafiyarta ƙalau. Na yarda da shi. Na je har bakin shagonsa, na ga wayar a ƙasa, na juyo.

Umma ta ce ka nemi hutu. In ka zo, ka taho da mitarka. Ka duba soket ɗin gidan nan ɗaya bayan ɗaya, ka duba duk abin da za a jona, ina kallo. Sannan ka tsaya kusa da makunnin, inda hannunka zai kai. Ina son in sake jin muryar jitar nan da ƙarfi, Kawu, wallahi ina so. Amma ba zan jona ta ba sai kana cikin ɗakin.

'Yarka,
Jannatu